Hangen Dala ba shiga birni ba: yadda maharban Amurka ke zaɓen madubin saiti

Kowace shekara dubban maharba a jahohin yammacin Amurka suna aika sunayensu ga ma'aikatun kula da namun daji, suna neman takarda guda: izinin harbin ragon dutse. Ƙuri'a ake jefawa. A yankuna da yawa na jahar Montana, cikin masu nema ɗari da ƙyar mutum ɗaya ke dacewa, kuma akwai waɗanda suka yi furfura suna nema ba su samu ba. A jahar Utah, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa sau ɗaya ba ya sake samun irin wannan takarda har ƙarshen ransa. Mai hali wanda ba ya iya jira sai ya tafi gwanjo: a shekarar 2013 an sayar da takardar Montana guda ɗaya dalar Amurka 480.000, wato fiye da miliyan 230 na sefa a canjin wancan lokaci.

Samun takarda ma somin taɓi ne. Maharbi zai ɗauki kayansa a baya, ya yi kwana goma yana hawa da sauka cikin duwatsu, yana kwana cikin sanyi, da fatan ya samu harbi ɗaya wanda bai wuce ƙiftawa da bismilla ba. A wannan ɗan lokaci, shekarun jira da kuɗin da aka kashe da wahalar da aka sha duk sun rataya ga wani bututu na alminiyam mai tsawon santimita 30 ko sama kaɗan, wanda aka ɗaure bisa bindiga. Shi ne madubin saiti. Idan ya yi kyau, dabba ta faɗi nan take ba tare da ta sha azaba ba. Idan ya yaudari mai shi, ko dai a koma gida hannu rabbana, ko kuma, abin da ya fi muni, rago ya tsere da rauni ya je ya mutu a wani kwazazzabo inda ungulu kaɗai za su same shi. Shi ya sa gardamar zaɓen madubi ba ta ƙarewa a tsakanin maharban wannan ƙasa.

Dabba biyu, daji biyu

Tushen matsalar shi ne yawancin mutane bindiga ɗaya suke da ita, alhali kuwa suna son ta yi musu aiki biyu da ba su kama da juna.

Na farko shi ne farautar barewar Amurka, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa kamar bishiya, yana zubar da shi kowace shekara wani ya sake tsirowa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai farar wutsiya, wadda ta cika dazuzzukan gabas da tsakiyar ƙasar; akwai kuma mai kunnen alfadari, wadda ke zaune a tuddai da filayen yamma. Mai farar wutsiya dabba ce mai wayo, ba ta cika fitowa ba sai da asuba ko da almuru, cikin itatuwa masu duhu, kuma sau da yawa tsakaninta da maharbi bai kai mita 100 ba, wani lokaci ma 30. Tana bayyana, ta ɓace. Mai nemanta yana buƙatar madubi mai haske, mai faɗin gani, wanda ido ke kamawa da sauri.

Na biyu shi ne ragon dutse. Iri huɗu ake ƙirgawa a Arewacin Amurka: farin ragon Dall na Alaska da Yukon, ragon Stone na arewacin Birtish Kolombiya a Kanada, mai babban ƙaho na duwatsun Roki, da ɗan'uwansa na hamadar Arizona da Nebada da Meziko. Ƙahonin babban namiji na Roki suna iya kai kilo 14. Waɗannan dabbobi suna zaune a sarari, a kan tsaunuka marasa itace, kuma idonsu yana da kaifi ƙwarai. Kusantarsu aiki ne, shi ya sa harbi daga mita 250 ko 300 ba abin mamaki ba ne. A nan maharbi yana buƙatar madubi mai jawo abu kusa, marar nauyi, wanda faɗuwa kan dutse ba ta karkatar da saitinsa.

Abin da lambobi ke faɗi

Duk madubin saiti yana ɗauke da lambobi a jikinsa, misali 3-9x40. Biyun farko suna nuna ƙarfin jawowa: ana iya murɗa zoben da ke baya daga sau 3 zuwa sau 9. Ta ƙarshe kuwa faɗin gilashin gaba ce, milimita 40. Idan an sa madubi a ƙarfi 10, ragon da ke tsaye a mita 400 yana bayyana kamar yana mita 40.

Wanda bai saba ba zai ce to a sayi wanda ya fi kowane ƙarfi mana. Nan ne kuskuren farko yake, domin duk abin da aka ƙara a jawowa, an rage shi a faɗin gani. Madubin 3-9x40 na yau da kullum, in yana kan 3, yana nuna fili mai faɗin wajen mita 11 a nisan mita 100. In an kai shi 9, filin ya koma mita 4 da rabi. A nisan mita 30, wannan bai kai mita ɗaya da rabi ba, wato ko tsawon barewar bai cika ba. Maharbi ya ɗaga bindiga, ya ga gashi da ganye kawai, kafin ya gane ina kafaɗa take dabba ta wuce. Saboda haka tsofaffin hannu suna da ƙa'ida: a riƙa tafiya da madubi a kan ƙaramin ƙarfi. Dabbar da ke nesa tana ba mutum lokacin murɗawa sama, wadda ta faso kusa ba ta jiran a murɗa ƙasa.

Babban ƙarfi yana da wata illa. Yana girmama dabba, yana kuma girmama rawar hannu da bugun zuciya da kaɗawar iska mai zafi da ke tashi daga duwatsu da rana. Mutumin da ya hau tsauni yana haki, in ya leƙa madubi mai ƙarfi 20 zai ga zaren saiti yana yawo ko'ina, sai ya firgita ya fizgi kunamar bindiga. Don haka mafi yawan masu neman madubi ɗaya domin aikin biyu suna tsayawa tsakanin 2,5-10 da 3-15. Ƙasan ya ishi dajin barewa, saman ya ishi tsaunin rago.

Haske da ƙwayar ido

A jahohi da yawa doka ta yarda a yi harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a waɗannan mintoci na duhu-duhu ne manyan mazan barewa suka fi motsi. Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna yadda madubi zai yi a irin wannan lokaci. A raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin jawowa. Abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fitowa zuwa ido. Gilashi mai milimita 40 a ƙarfi 8 yana ba da milimita 5. A ƙarfi 10 yana ba da 4. Gilashi mai milimita 50 a ƙarfi 25 yana ba da 2 kacal, hoto ya dushe ke nan.

Ƙofar ƙwayar idon saurayi tana buɗewa har wajen milimita 7 cikin duhu, ta dattijo kuwa da wuya ta wuce 5. Hasken da ya fi ƙofar ido faɗi asara ne. Jamusawa, waɗanda ke zaman dakon aladen daji da farin wata, sun daɗe suna son madubin 8x56 domin yana ba da milimita 7 cif. Amma wannan madubi ne na mai zama a bukka. Babban gilashi yana ƙara nauyi, kuma dole a ɗaga shi sama da bindiga don kada ya taɓa bututunta, sai kuncin maharbi ya rabu da ƙotar, saiti ya lalace. Ga mai hawan dutse, milimita 40 zuwa 44 sun wadatar.

Abin da ya fi girman gilashi muhimmanci shi ne ingancinsa. Duk fuskar gilashin da ba a shafe ba tana mayar da kimanin kashi 4 bisa ɗari na hasken da ya faɗa mata. Cikin madubin saiti akwai gilasai takwas ko fiye, kowane da fuska biyu. In ba shafi, kusan rabin hasken ya salwanta kafin ya iso ido. A shekarar 1935 wani masani ɗan asalin Yukren, Alexander Smakula, ya gano a kamfanin Zeiss da ke birnin Jena yadda ake shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke hana wannan asara. Madubai masu kyau na yau, waɗanda aka shafe kowace fuska da shafi bisa shafi, suna isar da fiye da kashi 90 bisa ɗari. Da tsakar rana a cikin kanti, mai araha da mai tsada kusan ɗaya suke. Bambancinsu yana fitowa ne bayan magariba, lokacin da ɗaya ke nuna rassan ƙaho sarai, ɗayan kuwa yana nuna inuwa.

Tazarar ido

Akwai tabo ɗaya da maharba ke gane juna da shi: ɗan yanka mai siffar jinjirin wata a saman gira. Bindigar farauta tana shuri da baya in ta tashi, kuma idan ido ya matso da yawa, bakin madubi ya sari goshi. Shi ya sa ake duba tazarar da madubi ke bari tsakanin ido da gilashin baya. Santimita 9 zuwa 10 ita ce tazara mai kyau, kuma a wasu madubai tana raguwa in an ƙara ƙarfi.

Wannan ya fi shafar mai farautar rago, saboda dalili biyu. Bindigarsa marar nauyi ce, kuma bindiga marar nauyi ta fi shuri. Sa'an nan sau da yawa yana kwance rub da ciki yana harbi sama, yanayin da ke tura kai gaba zuwa ga madubi. Raunin kansa ba wani abu ba ne. Illarsa ita ce tsoron da yake bari. Wanda madubi ya taɓa sara yakan riƙa runtse ido kafin harsashi ya fita, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar rabuwa.

Sanyi, ruwa da faɗuwa

Kamfanin Leupold na jahar Oregon, wanda aka kafa a 1907, yana ba da labarin yadda ya shiga wannan sana'a. Ɗan mai kamfanin, Marcus Leupold, ya fita farauta a shekarun 1940, ya samu barewa, ya ɗaga bindiga, sai ya tarar gilashin ya yi gumi daga ciki, ba ya ganin komai. Haushin wannan rana ya sa ya ƙudura ƙera nasa. Madubinsu na farko ya fito a 1947, daga baya kuma suka riƙa zuƙe iskar da ke cikin bututu suna cika shi da busasshiyar iskar nitrojin, wadda Faransawa ke kira azot, su toshe. Yau duk madubin kirki haka ake yinsa, da nitrojin ko argon.

Lokacin farautar ragon Dall a Alaska yana kamawa daga 10 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba, lokacin ruwa da hazo da ƙanƙarar farko. Bindiga tana shiga ƙaramin jirgin sama, ta hau doki ko bayan mutum, ta gogi duwatsu, wata rana ta faɗi tare da mai ita. Abin da ake nema ga madubi bayan duk wannan shi ne ya ci gaba da nuna wurin da harsashi zai faɗa. Madubi mai hoto kamar aljanna wanda saitinsa ke gocewa da ɗan bugu bai kai madubi mai hoto tsaka-tsaki wanda ke riƙe saiti ba. Wannan hali kuwa ba a ganinsa a kwali. Ana gane shi ne a filin gwaji: a yi harbi, a murɗa saiti sama da gefe, a dawo da shi, a ga ko harsashi ya koma ramin farko.

Sau da yawa ma laifin ba na madubi ba ne, na zobban da suka riƙe shi ne. Bututu iri uku aka fi sani: mai inci ɗaya, wato milimita 25,4, da mai milimita 30, da mai 34. Mai kauri ba ya ƙara haske. Abin da yake ƙarawa shi ne filin murɗa saiti, da nauyi. Kowane yana buƙatar zobba daidai da shi, a ɗaure su da awo, kada su yi sako-sako, kada kuma a matse har bututu ya lotsa. Mutum ya sayi madubi mai tsada ya ɗora bisa zobba masu araha, kamar ya ɗaure ingarman doki da zaren ɗinki ne.

Zaren saiti da lissafin nisa

Cikin madubi akwai zare biyu da suka gicciya. Mahaɗarsu ita ce wurin saiti. A 1962 Leupold ya fito da samfurin da ya kira Duplex, mai kauri daga gefe, siriri a tsakiya, don ido ya zarce tsakiya ko da haske ya yi ƙaranci. Har yanzu shi ne aka fi kwaikwaya, kuma ga dajin barewa ba a samu wanda ya fi shi sauƙi ba.

Nisa ne ke kawo rikici, domin harsashi ba ya tafiya miƙe. A ɗauki harsashin .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, mai nauyin giram 8,4, mai barin bakin bindiga da gudun wajen mita 930 cikin daƙiƙa ɗaya. Idan an daidaita saiti a mita 200, a mita 300 zai sauka wajen santimita 20 ƙasa, a mita 400 kuwa wajen santimita 60. Wurin da ake nema a jikin rago, wato zuciya da huhu, bai fi faifai mai faɗin santimita 20 zuwa 25 ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan tsauni, inda babu itace ko gida da za a kwatanta da shi, ido yana kuskuren ƙima ƙwarai. Wanda ya ɗauki mita 400 a matsayin 300 zai karya wa dabba ƙafa ne kawai. Saboda haka ƙaramar na'urar awon nisa mai aiki da hasken leza ta zama abokiyar tafiyar kowane maharbin rago.

In an san nisa, hanya biyu ce. Ta farko, a yi amfani da ƙananan alamu da aka jera ƙarƙashin mahaɗar zare, kowace da nisanta. A nan akwai tarko. A yawancin madubai zaren ba ya canza girma in an murɗa ƙarfi, don haka alamun suna daidai ne a ƙarfi ɗaya tak, galibi na ƙarshe. Wanda ya manta ya yi amfani da su a rabin ƙarfi, harsashinsa zai wuce ta saman dabba. Akwai wasu madubai da zarensu ke girma tare da hoto, alamunsu daidai suke a kowane ƙarfi. Aibinsu shi ne a ƙaramin ƙarfi zaren yana sirancewa har ya ɓace cikin duhun itatuwa.

Hanya ta biyu, a murɗa maɓallin da ke saman madubi. A madubai masu awon mita, kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi santimita 1 a mita 100, wato santimita 4 a mita 400. Faɗuwar santimita 60 tana buƙatar ƙas 15 ke nan. A masu awon Amurka, wanda ake kira MOA, ƙas ɗaya wajen milimita 7 ne a mita 100. Wannan hanya ta fi daidai, amma maɓallin da ke buɗe yana iya murɗuwa da kansa in ya gogi jaka. Mai hawan dutse ya nemi wanda ke kullewa, mai kuma birki da ke tsayar da shi a saitin asali.

Tsauni yana da nasa sharuɗɗa. Harbi sama ko ƙasa, duka biyu, yana sa harsashi ya faɗa sama da inda aka zata, domin nisan kwance ne ke aiki. Rago a mita 400 bisa gangare mai digiri 30 daidai yake da mita 346. In gangaren digiri 45 ne, mita 283. Iskar kan tsauni ba ta da kauri kamar ta ƙasa, harsashi ba ya saurin faɗuwa, shi ya sa ake sake gwada bindiga in an isa sansani. Iska mai kaɗawa kuwa ita ce babbar abokiyar gaba: mai gudun kilomita 16 cikin awa, in ta bugo daga gefe, tana kautar da wancan harsashi wajen santimita 20 a mita 300. Babu madubin da ke auna iskar da ke kaɗawa a tsakiyar kwazazzabo.

Nauyi da kuɗi

Madubin farauta marar nauyi yana tsakanin giram 350 da 500. Na masu gasar harbin nesa yana kai kilo guda. A kanti rabin kilo ba komai ba ne, amma maharban rago mutane ne da ke yanke ƙotar buroshin haƙori don rage kaya, kuma a rana ta takwas ta hawa kowane giram yana da murya. Babban madubi bisa ƙaramar bindiga yana kuma sa ta rinjaya sama, yana wahalar da zobba duk lokacin da ta yi shuri.

Farashi yana farawa ƙasa da dalar Amurka 200, ya haura 3.000 ga manyan sunaye irin su Swarovski da Kahles na Ostiriya, ko Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta harbi. Shawarar da ƙwararru suka fi bayarwa ita ce a sayi madubi tsaka-tsaki mai ƙwari, a zuba sauran kuɗin a wuri biyu: harsasan gwaji, da madubin hangen nesa mai ido biyu. Maharbi yana leƙa madubin saiti na ƴan daƙiƙu a duk tafiyar, amma yana wuni yana duba tsaunuka da na hangen nesa.

Abin da madubi ba ya yi

Akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane yaro kafin a ba shi takardar farauta: ba a duba abin da ba a sani ba da madubin saiti. Duk abin da aka leƙa da shi, an auna shi da bakin bindiga ke nan, kuma motsin da aka gani cikin ganye yana iya zama mutum. Tantance dabba aikin madubin hangen nesa ne. A yawancin yankunan Alaska ba a harbin rago sai ƙahonsa ya yi cikakken zagaye, ko ya kai shekara 8, ko bakin ƙahonin biyu sun karye. Maharbi da jagoransa sukan kafa babban madubi mai ƙafa uku su yi awoyi suna ƙirga zobban shekaru a jikin ƙaho, domin wanda ya kashe ƙaramin rago zai rasa shi, ya kuma fuskanci shari'a.

Jack O'Connor, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1978, ya yi fiye da shekara 30 yana rubutu kan bindigogi a mujallar Outdoor Life, kuma ya harbi dukan ragunan nan iri huɗu. Bindigarsa .270 ce, madubin da ya fi so kuwa mai ƙarfi 4 ne, marar murɗi. Abin da ya rasa a gilashi ya cike shi da ƙafa da haƙuri: yana zagaya tsauni, ya bi iska, ya ɓullo wa rago ta sama. Kayan yau sun ninka nasa, har ana samun masu harbin dabba daga mita 800 suna ɗaukar hoto. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa tare da abokansa a 1887, ta nuna damuwa kan wannan: a ganinta, wanda ke ƙara nisa da gangan don gwada kayansa, maimakon ya yi ƙoƙarin matsawa kusa, ya bar farauta ya koma harbin gwaji da mai rai. Jahar Idaho ma ta hana farautar manyan dabbobi da bindigar da nauyinta, haɗe da madubi, ya wuce kilo 7 da ɗan kai. Gwajin da ya dace kowa ya yi wa kansa mai sauƙi ne: nisan da yake iya samun faifai sau tara cikin goma, yana kwance bisa jakarsa, bayan ya yi gudu, shi ne iyakarsa, ko da madubin yana nuna masa gashin idon rago daga kilomita guda.

Ragon Abzin a Tekzas

Mai karatu na iya tambaya yadda aka yi ƙasar da ke da irin waɗannan makamai ba ta ƙarar da namun dajinta ba. Ta kusa. Wajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya ba ta kai rabin miliyan ba a duk Amurka. Yau ana ƙiyasta ta wajen miliyan 30. Abin da ya dawo da ita shi ne hana farautar kasuwa, da ƙayyade lokaci da adadi, da kuma dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ke karɓar kashi 11 bisa ɗari kan bindigogin farauta da harsasai ta miƙa wa jahohi don kula da daji. Mafi yawan kuɗin takardun gwanjo ma ga kiwon ragunan suke komawa.

Nijar tana da nata ragon dutse, mai dogon geza daga maƙogwaro zuwa ƙafafun gaba, wanda ke zaune a duwatsun Abzin da na Termit. A 1950 an saki irinsa a jahar Niyu Meziko, a 1957 da 1958 kuma a kwazazzabon Palo Duro na Tekzas. Ya hayayyafa har ya kai dubbai masu yawa, yana ƙwace wa ragon hamadar can abinci da ruwa, yana kuma ɗauke da ƙwayar ciwon huhu da ke kashe shi. A filayen masu zaman kansu na Tekzas ana harbinsa duk shekara ba adadi, kuma ya zama ragon wanda ƙuri'a ta ƙi.

A gidansa na asali labarin ya sha bamban. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988 mai faɗin fiye da eka miliyan 7 da rabi ta awon hekta, ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 1991, shekara guda bayan haka ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji, amma takarda ba ta sintiri. Ƙarni bayan ƙarni, abin da ya kare ragon Abzin shi ne tsayin dutse da kaifin idonsa: mai kibiya ko bindigar toka dole ya matso kusa, kuma sau da yawa rago ne ke cin nasara. Bindiga mai madubi da mota mai shiga ko'ina sun kawar da wannan kariya. A Montana maharbi yana jira shekara ashirin kafin a ba shi harbi ɗaya, kuma akwai ma'aikacin da zai auna ƙahon ya sa masa lamba. A Abzin, ƴan ma'aikatan gandun daji ƙalilan ne ke tsaron fili mai girman wata ƙasa, kuma ragunan da suka rage suna buƙatar a ƙara musu mutane da motoci da man sintiri tun ana iya ƙirga su.